Yaran Da Matansu Suka Mutu Suna 'Yan Shekara 14

Shirinmu na yau zai leƙa ɗakin da ba a cika leƙawa ba, wato inda ake zama da takardun binciken gida-gida bayan masu tambaya sun dawo daga ƙauyuka da unguwanni. Amma bari mu fara da wani abin al'ajabi da ya faru a Amurka.

A 1950 aka yi ƙidayar jama'a a can. Da alƙaluma suka fito, sai ga yara maza 'yan shekara 14 masu yawa an rubuta cewa matansu sun mutu. Ku ji fa, ɗan shekara 14, ya yi aure, har matar ta riga shi! Abin da ya ƙara ɗaure kai, irin waɗannan yaran sun fi yawa a shekara 14 fiye da samarin da suka girme su kaɗan, alhali hankali na cewa mutuwar mata sai ta ƙaru ne in shekaru na ƙaruwa.

Wasu malamai biyu na Jami'ar Princeton, Ansley Coale da Frederick Stephan, suka ƙi barin maganar ta wuce, suka bi sawu har suka wallafa abin da suka gano a 1962. A wancan zamani, bayanin kowane mutum a kan kati ake huda shi, kowace amsa da gurbinta. To, a wasu katuna kaɗan, hudar ta goce da gurbi ɗaya tak zuwa dama. Lambar da ke nufin namiji, wato 1, ta faɗa gurbin farko na shekaru. Lambar 4 ta mai shekara arba'in da wani abu ta matsa gaba, ya zama 14. Ragowar lambar shekarunsa kuma ta faɗa gurbin aure, inda na'ura ta karanta ta a matsayin wanda matarsa ta mutu. Magidanci mai furfura ya koma yaro. Gurbi ɗaya, masu sauraro, gurbi ɗaya. Wannan gocewar ce kuma ta ƙara yawan 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake rubutawa da sunan Indiyawa, a wuraren da ba a san su da yawa ba.

Mu dawo gida. A Najeriya, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke gudanar da babban binciken lafiya da yawan al'umma da ake kira NDHS, kuma a zagayen 2018 an tattauna da mata 41,821 'yan shekara 15 zuwa 49. Kowace mace an tambaye ta shekarunta, da lokacin aurenta, da haihuwarta ɗaya bayan ɗaya, masu rai da waɗanda suka rasu.

A zamanin takarda, maganin kuskuren yatsa mai sauƙi ne, ko da yake akwai wahala: ma'aikata biyu ne za su shigar da takarda ɗaya cikin kwamfuta, kowa daban, sannan manhajar CSPro ta gwama aikin biyu. Inda suka saɓa, a ɗauko takardar a duba. Wannan yana kama hannun da ya zame, amma in a kan takardar kanta aka rubuta cewa uwa tana da shekara 19, ɗanta na fari kuma 16, duk su biyun za su kwafe shi daidai, babu saɓani. Sai mataki na biyu ya kama shi, inda manhajar ke gwada amsa da amsa: shekarun uwa da na ɗa, ranar haihuwar wannan yaro da ta ƙanensa, yawan 'ya'yan da ta ambata da yawan sunayen da aka jera.

Don sauƙaƙa wannan lissafi, ana mayar da kowane wata lamba guda, ana ƙirgawa daga Janairun 1900, wanda shi ne 1. Watan Maris na 2006, watan husufin ranar nan da ya duhunta sassan Arewa, ya zama 1275. Da haka, in ka cire wata lamba daga wata, nan take ka ga ko tazarar haihuwa biyu wata huɗu ce kacal, abin da ba zai yiwu ba sai dai in tagwaye ne aka raba musu rana bisa kuskure.

To, an gano saɓani. Wanne za a gyara, shekarun uwa ko na ɗa?

A nan ne aikin ya bar na'ura ya koma kan mutum. A 1976, Ivan Fellegi da David Holt, waɗanda suka yi aiki a hukumar ƙididdiga ta Kanada, suka kafa ƙa'idar da har yau ake dogaro da ita: a taɓa mafi ƙarancin amsoshin da za su sa takardar ta daidaita. In shekarar auren matar, da shekarun sauran 'ya'yanta, da abin da aka rubuta a jerin mutanen gida duk sun nuna 39 ce, to 19 ɗin nan shi ne baƙo, shi kaɗai za a gyara. In kuma wata ne ya ɓata, uwa ta san shekarar amma ba ta tuna watan ba, manhaja na zaɓo wata daga cikin waɗanda za su iya yiwuwa, sannan ta sa alama cewa wannan cikewa aka yi, ba daga bakin uwar ya fito ba. Wannan alamar tana da daraja ƙwarai. Mai gyaran da ya share ta don aikinsa ya fito fes, ya cuci duk wanda zai yi amfani da bayanan bayansa.

Sai matsalar da kowa a cikinmu ya sani. Ka tambayi dattijuwa shekarunta, ta ce, “Ɗana, kamar arba'in.” Shi ya sa alƙaluma ke taruwa a kan 30, 35, 40, kamar kaji a kan tsaba, a bar 37 da 43 babu kowa. Akwai ma'aunin Whipple da ke auna wannan tsakanin 'yan shekara 23 zuwa 62: in ya ba da 100 babu taruwa, in ya kai 500 kowa ya faɗi lamba mai ƙarewa da sifiri ko biyar. A ofis ba a gyara wannan, don 40 ba ta saɓa wa komai ba. A zaure ake gyara shi, da tambaya irin ta masu wayo: “Hajiya, lokacin da aka kashe Murtala an haife ki? Lokacin rikicin Maitatsine a Kano kina da wayo?” Ga 1976, ga 1980, an samu madogara.

Akwai wadda ta fi wannan ban haushi, kuma ba daga masu amsa take fitowa ba. Tambayoyin lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna da tsawo: rigakafi, zazzaɓi, gudawa, shayarwa, ga awon tsayi da nauyi. Mai tambaya da rana ta dake shi yakan ƙara wa yaro 'yan watanni ya tsallake iyaka, ya huta. Haka 'yar shekara 15 takan koma 14, mai 49 ta koma 50, don a fita daga cikin waɗanda za a yi wa doguwar hira. Takarda ɗaya ba za ta tona wannan ba. Sai an tara na tawaga guda, a ga shekara ɗaya ta rame, ta kusa da ita ta kumbura. An daɗe da lura da wannan a binciken ƙasashe da dama, shi ya sa ake fitar da jadawalin sa ido tun ma'aikata suna fage.

Lokaci yana neman ƙure mana. A zagayen 2018 an ajiye takarda, an koma kwamfutar hannu, wadda ke tsayar da mai tambaya tun yana gaban uwar in ya shigar da abin da ba zai yiwu ba, ya sake tambaya nan take. Yaron da aka ƙara wa wata shida kuwa, na'urar za ta karɓe shi ba musu, sai dai shugaban tawaga ya koma gidan ya sake tambaya da kansa.

A nan za mu dakata, labaran duniya na tafe. Mu kwana lafiya.