Digiri Na Biyu: Injiniya Ko Lissafi, Kuma A Ina?

Yau ba zancen soyayya na zo da shi ba, ko da yake shi ma wannan zaɓi ne irin na miji: in kika yi gaggawa, ke za ki zauna da shi. Ni dai a sakandare na tsaya, amma jarumar littafin da nake rubutawa injiniya ce, shi ya sa na shiga tambaya har na gano abin da nake so ƙannena 'yan makaranta su sani tun da wuri.

Da farko ki raba tsaki da tsakuwa. Injiniya ita ce mai tsara madatsar ruwa irin ta Tiga ta kuma tsaya a kan gininta. Mai lissafin aikace kuwa ita za ta zauna da biro da kwamfuta ta auna yawan ruwan da zai sauko da damina, da nauyin da bangon zai iya ɗauka. In kina son a kira ki injiniya a hukumance, ki sani hukumar COREN ce ke yin rajista, kuma digirin farko take fara dubawa. Wadda ta karanta lissafi zalla kada ta ɗauka digiri na biyu kaɗai zai ba ta wannan suna.

To, a ina za a yi? Na gida tukuna. Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Bayero Kano duk suna ba da digiri na biyu a injiniya da lissafi. Za a nemi takardar bautar ƙasa da sakamako mai kyau. Daɗin abin, kina kusa da Inna, in kina da aure ma ba sai an raba gida ba. Sai dai kuɗin makaranta da na bincike galibi daga aljihunki ne ko na Baba, kuma yajin aiki kan ja shekara biyu ta koma uku.

Sai cibiyar AIMS ta lissafi, wadda aka buɗe a Afirka ta Kudu a 2003, daga baya ta yi rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda. Karatun kusan shekara guda ne, wadda aka ɗauka kuma an ɗauke mata kuɗin karatu da ci da kwana. Amma fa ba wasa, dare da rana ne.

Akwai kuma jami'ar KAUST a Saudiyya, kusa da Jidda, da aka buɗe a 2009. Da Turanci ake karatu, ana ba ɗalibi masauki da alawus. Iyaye da yawa sun fi sakin jiki da jin sunan wannan ƙasa, sai dai shigarta sai wadda ta yi zarra. A Ingila digiri na biyu shekara ɗaya ne amma tsada kamar me, sai da tallafi irin na PTDF ko Commonwealth. A Amurka digiri na uku kan ci shekara 5, ana biyanki kina taya malami koyarwa.

Ni a ganina kada sunan makaranta ya ruɗe ki. Ki tambaya: wane malami ne zai duba bincikena, kuma ɗalibansa suna gamawa a kan lokaci? Wa zai biya? Waɗanda suka gama, ina suke aiki yanzu? Sannan in akwai mai neman aurenki, a yi maganar karatun nan gaban manya tun kafin a sa rana, don alkawarin zaure ba ya kai wa ɗaki.

Ke kuma da ke aji huɗu kina ɓuya a bayan aji in malamin lissafi ya shigo, ki ji wannan: Grace Alele-Williams ta samu digirin dakta a 1963, ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya a 1985, a Benin. Maryam Mirzakhani 'yar Iran ta karɓi lambar Fields, babbar kyautar lissafi, a 2014, mace ta farko. Su ma daga ɗaya da ɗaya biyu suka fara. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, don haka ki matso bencin gaba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.