Maganin Zaƙi Ba Ya Wanke Suga Daga Jinin Mai Ciki

Da zarar ciki ya shiga wata bakwai a Dandamisa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, sai a ɗora tukunyar saiwoyi da sassaƙe. Uwar miji ce ke kawowa, ko ungozoma, ko wata gwaggo da ta zo ganin gida. Wai maganin zaƙi ne. Cewa ake yi duk kayan zaƙin da mace ta sha tun farkon ciki taruwa yake yi a mararta, ranar naƙuda ya tare wa jariri hanya, sai an sha abu mai ɗaci ya wanko shi. Na gaji da jin wannan magana, musamman yadda ake ƙarasa ta: "Sha abinki, 'yar nan, ai akwai magani."

Iyayenmu sun yi gaskiya da suka lura cewa yawan shan zaƙi da wahalar haihuwa suna tafiya tare. Kuskuren yana wajen mazaunin zaƙin, domin a jini yake. Mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai masu rage ƙarfin insulin, wanda aikinsa kwashe suga daga jini. Yawancin mata jikinsu kan ƙaro insulin ya cike giɓin, wasu kuwa ya gaza, sai suga ya hau. Shi ne ciwon sugan masu juna biyu. A ƙiyasin Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya na 2021, kusan haihuwa ɗaya cikin shida tana zuwa da hawan suga a jinin uwa.

To ina sugan yake tafiya? Ta cibiya yake bi ya shiga jikin jariri, shi kuma ya mayar da shi kitse. Yaro ya yi ta girma har ya wuce kilo 4. Ranar haihuwa kai ya fito, kafaɗa ta maƙale. Abin da ya tare hanya jaririn ne da kansa, kuma babu tafasasshen sassaƙen da zai rage masa kafaɗa. Mata su taru suna "Tubarkalla, ƙato!" alhali yaron da ya saba da yawan suga a ciki, da an yanke cibiya nasa sugan na iya faɗuwa, ya yi laushi, ya kasa kama nono. Uwar kuma tana kusa da hawan jini da jijjiga.

Ɗaci a harshe yake tsayawa. Gudawa ko farin ruwan da ake gani a ce "ga zaƙin nan yana fita" ba suga ba ne. Ba wanda ya auna ƙarfin abin da ke cikin tukunyar, ba wanda ya san yadda zai yi wa ƙodar uwa ko ɗan da ke ciki. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne natsuwar ƙarya da yake sa wa gida. Mace ta kwana biyu a durƙushe, ana cewa zaƙi ne bai gama fita ba, ana ƙara mata kofi, maimakon a nemi mota zuwa babban asibitin Makarfi ko na Ikara. Ta irin wannan jinkiri ake rasa jarirai, mata kuma su tashi da yoyon fitsari. Wallahi akwai alhaki.

Shekarun da suka haura 35, ƙiba, ciwon suga a dangi, da taɓa haifar ƙaton yaro duk suna ƙara haɗarin. Amma abin da ke hannunmu kullum shi ne kwano.

Ƙasarmu ƙasar rake ce, kuma wasu na cewa mazarƙwaila ba suga ba ce tunda ta gargajiya ce. Ruwan rake ne aka dafa ya daskare, suga ce tsagwaronta. Zuma da dabino ma sai da lissafi. Sannan ba sai abu ya yi zaƙi a baki ba: tuwon shinkafa, tuwon masarar da aka surfe tas, biredi da taliya duk suga suke komawa a jini, da sauri kuwa. Haɗin maltina da madarar gwangwani da ake ɗura wa mai ciki don ƙarin jini suga yake ƙarawa. Ƙwayoyin ƙarin jinin da ake bayarwa wajen awo su ne na jini.

Kada kuma a ji wannan a hana ta abinci don kar yaro ya girma, wannan wata cutar ce daban. A rage malmalar tuwo, a ƙara miya: kuka, kuɓewa, zogale, rama, alayyahu. A riƙa sa wake, gyaɗa, kifi, ƙwai da nama gwargwadon hali. Dawa da gero da ba a raba su da dusarsu duka ba sun fi farar shinkafa. Kunu da fura da nono a sha su ba tare da an zuba suga ba, lemon kwalba kuwa a bar shi sai bayan suna, in ma an koma. Gara ta ci kaɗan-kaɗan sau biyar da ta cika ciki sau biyu. Bayan cin abinci ta zaga tsakar gida na minti goma ko sha biyar kafin ta kishingiɗa. Maigida, kai ke cefane. Kuɗin lemo biyu ya sayi ƙwai.

Ciwon nan sau da yawa ba ya nuna alama, mace tana jin garau suga yana sama. Gwaji kaɗai ke tona shi, tsakanin mako 24 da 28 na ciki. Za ta je da safe ba ta karya ba, a ɗebi jini, a ba ta ruwan suga giram 75, a sake aunawa bayan awa ɗaya da awa biyu. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013, in sugan kafin karyawa ya kai 5.1 mmol/L, akwai ciwon. Inda babu kayan cikakken gwajin, a roƙi ko na tsira yatsa, in ya nuna hawa a nemi takardar zuwa asibitin koyarwa na Shika. Da yawa gyaran abinci ke isar su, wasu sai an haɗa da ƙwaya ko allurar insulin, kuma allurar ba ta cutar da jariri.

Galibi sugan yana sauka bayan haihuwa, amma wadda ta taɓa yi ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da ciwon suga na dindindin, ninki da yawa. Don haka idan an yi arba'in ta koma a sake auna ta, sannan ta riƙa gwaji lokaci-lokaci, kuma ta faɗa wa malamar awo tun zuwan farko a ciki na gaba.