Ɗakin Karatu a Kudancin Kogi: Abin da Makera Ke Bukata Bayan Rufe Masaƙu

Shirinmu na musamman na yau zai tsallaka kogin Kaduna zuwa Makera, hedikwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu. Batun kuwa shi ne ɗakin karatu na unguwa, inda mutum zai shiga ya zauna ba wanda zai tambaye shi katin makaranta, ko addininsa, ko garinsu.

Duk wanda ya san Makera da Kakuri a shekarun 1970 da 1980 zai tuna lokacin canjin aiki. Jiniya na busawa sai ƙofofin masaƙu su buɗe, dubban ma'aikata su kwararo kan titi, wasu a ƙafa wasu a keke, masu abinci na jiran su a bakin ƙofa. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Fijo kuma ya buɗe a Kakuri a 1975. Tun kafin su, tashar jirgin ƙasa, inda layin Legas zuwa Kano ya haɗu da wanda ya taso daga Fatakwal, ta riga ta tara baƙi. Bahaushe da Bagwari, Bajju da Atyap, Tibi da Idoma, Bayarabe da Ibo, gidan haya ɗaya suke kamawa, famfo ɗaya suke bin layi.

Kuma ba albashi kaɗai masaƙa ta ba su ba. A ƙungiyar ƙwadago ne masaƙi ya koyi duba takardar albashinsa ya gano inda aka zaftare, ya koyi zaɓen wakili, ya koyi ɗaga hannu a taro ya jira a ba shi dama, ya kuma koyi haƙuri idan ra'ayinsa ya sha kaye. Adams Oshiomhole daga Arewa Textiles ya taso, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, kafin ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Ƙungiyar makaranta ce ta sanin 'yanci, ko da yake ba a kafa mata allo ba.

Sai abubuwa suka rushe kusan a tare. Rikicin 2000, da na 2002, da na bayan zaɓen 2011, sun sa mutane sun kwashe kaya kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa, har kogin ya zama kamar iyaka. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakata a 2007. Yau yaro yana iya tasowa ya gama sakandare bai taɓa zama benci ɗaya da ɗan wani addini suna muhawara ba. Wannan rashi ba ya fitowa a lissafin asarar masana'antu, amma ya fi ginin da ciyawa ta cinye ciwo.

To ina littattafan suke? Babban ɗakin karatu na jiha yana kan titin Bida. Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, yana titin Rabah. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa ita ma a cikin gari take. Duk a arewacin kogi. Ɗalibar Makera da ke shirin jarrabawar JAMB sai ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ta kuma nemi izinin gida na wuni guda, kafin ta sami teburi da shiru. Da yawa haƙura suke yi.

Ba a ce ƙishirwar karatu ta mutu ba. A tsaya da safe wurin mai jarida: mutum goma sun yi da'ira, ɗaya ne zai saya, sauran suna karanta kanun labarai a tsaye, kafin ka ankara gardama ta kaure a kan farashin mai ko kuɗin makaranta. A leƙa cikin gidaje, a ga yadda littattafan marubutan Kano ke yawo daga hannun wannan matar zuwa waccan, bango ya yage an ɗinke shi da zare. Abin da babu shi ne rufi, da kujera, da takardar da za a buɗe a raba gardama. Shi ya sa saƙon WhatsApp wanda ba a san mai shi ba yake zama hujja.

Arewa ta taɓa gwada irin wannan ɗakin karatu. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu an buɗe ɗakunan karatu na En'e a garuruwa, domin jama'a su ji labarin yaƙi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, mutum ɗaya kan karanta ta da ƙarfi, sauran su saurara. Turawa farfaganda suka nufa, amma abin ya wuce inda suka tsaya. A Bauchi, zauren tattaunawar da Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Balewa ke halarta a shekarun 1940 ya kai ga yin tambaya a kan mulkin En'e, har da albashin sarki, abin da ya sa hukuma ta rufe shi. A 1952 aka kafa ɗakin karatu na Jihar Arewa a nan Kaduna. Yawancin ɗakunan En'e kuwa sakaci ne ya kashe su: ba ƙwararren ma'aikaci, ba sababbin littattafai.

Ɗakin da Makera ke bukata ba sai bene ba. A sami kundin tsarin mulki na 1999, a riƙa karanta babi na huɗu, na haƙƙoƙin ɗan ƙasa, ana fassarawa da Hausa. A sami dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. A manna kasafin kuɗin ƙaramar hukuma a bango, musamman tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Mai shago da ya ga an ware kuɗin kwalbatin layinsu zai san abin da zai tambayi kansila.

Harshen da zai haɗa mazauna unguwar kuma yana nan. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma har gobe coci-coci da dama a kudancin Kaduna da Hausa suke wa'azi da waƙa. Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja ɗan limami ya karanta su a firamare, ɗan fasto ma haka. Sai kuma tarihin unguwar kanta: katin shaidar aikin masaƙa, hotunan taron ƙungiya, ƙyallen atamfar da aka saƙa a Kakuri, duk suna cikin akwatunan tsofaffi. Ya kamata a ɗauki muryoyin dattawan nan tun suna raye, da wayar hannu ma ya isa.

Wahalar tana wajen riƙo. Idan aka sa ɗakin a harabar masallaci ko coci, rabin unguwa ba za su taka ba. Idan aka rubuta sunan ɗan siyasa a ƙofa, ranar da ya faɗi zaɓe za a sa kwaɗo. Dole a ware wa mata da 'yan mata lokacinsu, a sa sola saboda karatun dare, kwamitin kula kuma ya haɗa masu unguwa, da malaman makaranta, da tsofaffin 'yan ƙwadago. Sama da duka, albashin ma'aikaci ɗaya da zai buɗe ƙofa kullum ya shiga kasafin ƙaramar hukuma a rubuce, kuma kansilolin Makera da Kakuri da Barnawa ne ke da kujerar da za a kawo wannan magana.

A nan za mu dakata. Sai wani makon idan Allah ya kai mu.