Kowane Ɗan Itace Da Halinsa: Kira Ga Masu Lambu Da Masu Sayar Da Kayan Marmari

Edita,

Ina roƙon ka ɗan sam mini fili in yi magana da 'yan'uwana masu lambu da masu sarin kayan marmari, tun daga mai rumfa a kasuwa har zuwa mai tura baro da yaro mai tire. Ni ma sana'ata kenan, da ita nake ci da iyalina. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne irin asarar da ake tafkawa duk shekara, musamman daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin kakar mangwaro. Mutum ya ranto kuɗi ya sari kaya, kwana uku ba su cika ba rabi ya ruɓe, babu uwa balle riba. Sai ka ji an ce ai kasuwa ce ta gaji haka. Gaskiya ne, amma da yawa daga wannan asara rashin sanin halin kayan ne ke jawo ta, domin kowane ɗan itace da irin halinsa.

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, 'ya'yan itatuwa gida biyu suke. Akwai waɗanda ke ci gaba da nuna bayan an tsinke su, irin su mangwaro da ayaba da gwanda da gwaiba, har da tumatir. Akwai kuma waɗanda da an raba su da uwarsu, to zaƙi ya tsaya kenan, irin su lemo da abarba da kankana da inabi. Wanda ya sari ɗanyar abarba ya ajiye yana jiran ta yi zaƙi, wallahi ruɓewarta yake jira. Za ta yi laushi, bayanta ma ya sake launi, amma zaƙin da ta baro gona da shi, shi ne dai. Haka kankana. Don haka waɗannan tun wajen sari ake zaɓe. Abarba a shinshina gindinta, in ta nuna za a ji ƙanshi. Kankana a duba gefen da ta kwanta a ƙasa, in ya yi ruwan ɗorawa ta ƙosa, in fari ne fat an yi gaggawar cire ta. Mai gona kuma ya duba ɗan zaren nan mai nannaɗewa da ke kusa da marikinta, in ya bushe lokaci ya yi.

Ga kuma batun lemo, wanda muke shan gardama da masu saye a kansa. Yawancin lemon da motoci ke saukewa a kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano da sauran kasuwanninmu daga Jihar Binuwai yake fitowa, kuma za ka gan shi kore shar ko da ya nuna. Dalili kuwa, bawon lemo ba ya rikiɗa ya yi ja sosai sai a inda dare ke yin sanyi. A ƙasar zafi irin tamu yana iya nuna ya yi zaƙi raurau alhali bayansa kore ne. Saboda haka a bar duba launi, a ɗaga shi a hannu. Wanda ya fi nauyi shi ya fi ruwa.

To, me ke sa 'yan gidan farko su nuna a ajiye? Masana sun gano cewa akwai wata iska da ɗan itacen ke fitarwa da kansa, ba a ganinta, ana kiranta etilin. Ita ce ke sa bawo ya sake launi, tsoka ta yi laushi, zaƙi ya fito. Nunanne ya fi ɗanye fitar da ita. Iyayenmu ba su san sunanta ba, amma sun san aikinta, shi ya sa suke rufe mangwaro a tukunya ko a cikin ƙaiƙayi, don kada iskar ta watse. In kana son kaya su nuna da wuri, jefa nunanniyar ayaba biyu ko uku a cikin kwandon ka rufe da buhu ko takarda. In kuwa so kake su daɗe, to kullum da safe ka tsince nunannu da masu tabo ka ware su, ka bar sauran a inuwa inda iska ke shiga. Wake ɗaya ke ɓata gari. Kada kuma a jibge kankana ko kokwamba wuri ɗaya da nunanniyar ayaba, domin iskar nan na lalata su, kankana ta saki, kokwamba ya yi rawaya. Masu firij su ma su ji, ayaba ba ta son sanyin da ya yi ƙasa da digiri 13. In aka sa ɗanya a ciki bayanta ya yi baƙi, ta ƙi nuna yadda ya kamata.

Wannan ya kawo ni ga maganar da ta fi damuna, watau kabaid, dutsen nan da masu walda ke jiƙawa su sami wuta. Wasu daga cikinmu kan ƙunsa shi su cusa cikin tsibin ɗanyen mangwaro ko ayaba, kwana ɗaya ko biyu kaya su yi jawur. Idan kabaid ya sha laima yakan fitar da iskar asitilin, wadda ke kwaikwayon waccan ta asali. Illar ita ce, ba don abinci aka yi shi ba, yana ɗauke da gurɓatattun abubuwa masu guba, har da asanik. Mai ɗura shi kansa bai tsira ba, ga raɗaɗin ido da maƙogwaro, ga ciwon kai da jiri, ga shi kuma iskar na kama wuta. Mai ci kuwa yana iya gamuwa da ciwon ciki, amai da gudawa. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan wannan ɗabi'a, a shekarar 2023 ma ta ƙaddamar da gangamin wayar da kai a kanta. Haba 'yan'uwa! Wa ke cin kayan nan in ba 'ya'yanmu da marasa lafiya da masu buɗa baki ba? Ko ta fuskar ciniki ma faɗuwa ce, domin kabaid bawo yake rinawa, ba ya ƙosar da abin da bai ƙosa ba. Mai saye ya yanka ya ji tsami ko lami, gobe ba zai dawo rumfarka ba. Masu saye kuma ga alama. In kun ga ayaba ta yi rawaya gaba ɗaya amma marikinta kore ne, ko mangwaro ya yi kyau a ido amma babu ƙanshi, ku yi hattara.

Sai 'yan'uwana masu lambu. Yawancin ruɓewar da muke gani a kasuwa tun daga gindin bishiya take farawa. A daina kaɗe mangwaro da gora ko jifa, duk wanda ya bugu da ƙasa ya yi tabo a ciki ko da ba a gani ba. A tsinka da hannu ko da ƙugiya mai jaka, da sanyin safiya, a bar masa ɗan mariki, domin ruwan nan mai danƙo da ke fita yana ƙona bawo ya bar baƙin zane. A shimfiɗa ganye ko takarda a kwando, kada kuma a cika shi ya yi tozo sannan a ɗora wani a kai. Tsutsar da ake samu a cikin mangwaro da gwaiba kuwa, ba daga sama take faɗowa ba, wani ɗan ƙuda ne ke huda bawo ya zuba ƙwai. Mafi ɓarna a cikinsu baƙo ne daga nahiyar Asiya, an fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya iso Afirka ta Yamma. Idan ɗan itacen ya faɗi, tsutsar ta shige ƙasa ta rikiɗa ta fito ƙuda, ta koma kan bishiya. Maganin da ba ya cin ko kwabo shi ne a riƙa tsince waɗanda suka faɗi duk bayan kwana biyu, a binne su a rami mai zurfi, ko a ɗaure su a baƙar leda a bar su a rana. Sai dai aikin na gayya ne, in kai ka tsince maƙwabcinka bai tsince ba, an yi ba a yi ba.

Mai niyyar dasa bishiya shi ma akwai abin sani. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara biyar zuwa takwas kafin ya yi 'ya'ya, kuma ba lallai ya gado uwarsa ba, sai ka ga albasa ba ta yi halin ruwa ba. Mai aure kuwa cikin shekara uku zuwa huɗu ya fara, kuma irin da aka aura shi za ka samu. Gwanda da dabino suna da mace da namiji, namijin fure kawai yake yi. Shi ya sa ake zuba ƙwayar gwanda uku a rami ɗaya, in sun yi fure a rage mazan a bar kaɗan don barbara. Dabino in daga ƙwallo ne, kusan rabi maza za su fito, ba kuwa za ka gane ba sai bayan shekaru. Gara a dasa 'ya'yan da ke fitowa a gindin macen. Akwai tashar binciken dabino a Dutse ta Jihar Jigawa ga mai neman ƙarin bayani. Ita ko ayaba, in an bi ta gaskiya ba bishiya ba ce, babu katako a jikinta, gindin ganye ne ya nannaɗe juna. Sau ɗaya take haihuwa, don haka da an yanke nonon sai a sare ta a ba ɗiyarta wuri. Abarba ma ba a kan bishiya take ba, a ƙasa take, takan kuma yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ta ba da ƙwaya ɗaya tak. Wanda ya san haka ba zai yi wa mai abarba tayin wulaƙanci ba.

Wani abin mamaki, yawancin kayan nan da muka saba da su baƙi ne a ƙasarmu. Mangwaro asalinsa wajen Indiya ne, har yau kuma babu ƙasar da ta kai ta nomansa. Lemo da ayaba daga kudu maso gabashin Asiya suka fito. Gwanda da gwaiba da abarba da kashu kuwa daga nahiyar Amurka, Turawan jiragen ruwa, musamman 'yan Fotugal, su suka yaɗa su tun daga ƙarni na 16. Kashu ma na da nasa abin al'ajabi, ƙwallonsa a waje yake rataye, kuma man da ke cikin ɓawon ƙwallon yana ƙona fata, a ja wa yara kunne. Kankana ce 'yar gida, asalinta Afirka ne, wajen Sudan, kuma kashi 92 cikin ɗari na jikinta ruwa ne. Tsamiya ma tamu ce, ko da yake Larabawa sun sa mata sunan da ke nufin dabinon Indiya.

Na kawo wannan ne don mu daina raina na gida. Mu kan ɗauki tuffa da inabin da ake shigowa da su a kwali su ne kayan gata, alhali gwaibar da ke zuba a bayan gida ta fi su abin da jiki ke bukata. A giram 100 na gwaiba akwai bitamin C kamar miligiram 228, a na lemon zaƙi kuwa kamar 53, kun ga ta ninka shi sau huɗu. Mangwaro da gwanda na ba jiki bitamin A, mai gyara ido da kare yara daga dundumi. Masu cewa mangwaro na kawo zazzaɓi, ai sauro ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Gudawar da yara ke yi kuwa, sau da yawa ƙuda da rashin wankewa ne sila. A wanke da ruwa mai tsabta kafin a sha, masu yanka kankana da gwanda kuma a rufe tire.

Ga kuma na daji da Allah Ya huwace mana babu shuka babu ban ruwa, kuka da goruba da magarya da aduwa da kanya da ɗinya da taura. Garin 'ya'yan kuka, wanda muke kira kwalba da nono, cike yake da bitamin C, tun 2008 kuma Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da shi a matsayin abinci a ƙasashenta. Wasu na saye da tsada a can, mu kuwa nan muna sare itatuwan daji muna ƙona gawayi. Ga ɗan kasuwa mai ƙaramin jari, busassun nan irin su kuka da tsamiya da goruba da magarya ba sa ruɓewa cikin kwana uku, sukan yi watanni in an kiyaye su daga laima da ƙwari. Wanda ya haɗa su da ɗanyen kaya, ranar da wannan ya ba shi kunya, wancan ya rufa masa asiri.

A ƙarshe ina kira ga shugabannin kasuwanninmu da su haɗa kai su hana amfani da kabaid a tsakanin 'ya'yan ƙungiyoyinsu, tun kafin hukuma ta zo da kanta. Ina kuma roƙon malaman gona na ƙananan hukumomi su riƙa leƙa ƙauyuka suna koya wa matasa auren mangwaro da lemo, sana'a ce da za ta riƙe mutum. Wanda ya karanta wannan kuma, don Allah ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya boko ba. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu da cin haram, amin.



Naku,
Wani mai sarin kayan marmari,
Kano.