Ajami a Ƙasar Damagaram: Daga Allo Zuwa Waya

A tsangayun Gouna, cikin gundumar Mirya ta jihar Damagaram, har gobe almajiri yana feƙe alƙalamin kara, ya tsoma a tawada, ya rattaba baƙi a allo. Fa ɗinsa ɗigo ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, irin na Warshu. Da waɗannan baƙaƙen ne malamai suka daɗe suna rubuta Hausa: waƙoƙin wa'azi, wasiƙu, lissafin bashi, sirrin magani.

Zuwan Faransawa Zinder, babban birnin Damagaram, a 1899 ya kai harkar ofis ga Faransanci. Taron Bamako na 1966 kuma ya tsara wa Hausa ƙa'idar boko. Ajami ya koma zaure, ba makarantar gwamnati, ba ƙa'ida ɗaya. A Najeriya ma an cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007.

Abin takaicin shi ne, dattijon da ke rubuta wasiƙa tsaf da ajami sai a lissafa shi cikin jahilai. Wannan zalunci ne.

Akwai masu ƙoƙari. Cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai tana adana dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda masani Boubou Hama ya fara tarawa. Jami'ar Boston a Amurka tana ɗaukar hoton irinsu tana sawa a intanet. Rubutun Adlam na Fulani, ko da yake ba ajami ba ne, ya shiga tsarin Unicode a 2016, yau matasa na aika saƙo da shi. Amma takardun da ke cikin gafakar malaman karkara, gara da damina suna cinsu tun ba a ɗauki hotonsu ba.