Su Wane Ne 'Yan Mazan Jiya a Siyasar Amurka?

Mai sauraron labaran duniya ya saba jin "masu ra'ayin mazan jiya" ko "masu ra'ayin riƙau" idan ana maganar jam'iyyar Rifablikan. Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan abin da suka riƙe.

A cikin gida, suna son rage haraji da taƙaita ikon gwamnatin tarayya da kare 'yancin mallakar bindiga. Suna kuma adawa da zubar da ciki. Shi ya sa suka yi murna a 2022 da Kotun Ƙoli ta soke hukuncinta na 1973, ta mayar da maganar hannun jihohi.

A harkokin waje kuwa, kansu a rabe yake. Ronald Reagan ya goyi bayan ciniki ba shinge, George W. Bush ya mamaye Iraƙi a 2003. Amma Donald Trump ya soki wannan yaƙi a 2016, ya kuma ƙaƙaba wa kayan ƙasar Sin haraji a 2018.

Don haka ɗalibin fassara ya lura: "riƙau" tana nufin wanda ba ya sauyawa, alhali waɗannan sun sauya. Kafin mu zaɓi kalma, mu fara tambaya: wane jiya suke nufi?