Rangwamen haraji da samar da ayyukan yi

Rangwamen haraji ga kamfanoni shi ne sauƙin da gwamnati ke yi wa masana'antu da 'yan kasuwa ta hanyar rage musu haraji, ko ɗage biyansa, ko yafe shi na wasu shekaru, domin su zuba jari su ɗauki ma'aikata. Tallafin farfaɗo da tattalin arziki kuwa shi ne kuɗin da gwamnati ke kashewa ko rabawa a lokacin koma-baya don harkoki su motsa. Hujja ɗaya ake kafawa kan tsare-tsaren biyu, wato za su samar da aikin yi. Masana tattalin arziki sun daɗe suna muhawara a kan haka. Yawancin binciken da aka yi ya nuna cewa sakamakon ya danganta ne da lokacin da aka ba da kuɗin, da wanda ya karɓa, da kuma abin da zai faru ko da ba a bayar ba.

Asalin ra'ayin

A shekarar 1933, a tsakiyar babbar karayar tattalin arzikin duniya, kusan kashi 25 cikin ɗari na ma'aikatan Amurka ba su da aiki. A 1936 masanin Birtaniya John Maynard Keynes ya wallafa littafin da ya bayyana cewa rashin aiki irin wannan yana tasowa ne daga ƙarancin ciniki. Idan jama'a suka daina saye, kamfanoni su rage ma'aikata, waɗanda aka sallama kuma su ƙara rage sayayya. A ganinsa gwamnati ce za ta iya katse wannan zagaye ta hanyar kashe kuɗi.

Ginshiƙin ra'ayin shi ne ninkuwar kuɗi, wadda ɗalibinsa Richard Kahn ya yi bayaninta a 1931. Idan gwamnati ta biya magini ladan gina makaranta, shi zai sayi abinci da sutura, mai shago ya ƙaro kaya, mai motar da ya ɗauko kayan shi ma ya samu. Ta haka kuɗi ɗaya ke zama abin samun mutane da yawa.

Wasu masana sun fi karkata ga ɓangaren masu samar da kaya. Suna ganin idan aka rage wa kamfanoni haraji ribarsu za ta ƙaru, su faɗaɗa aiki, su ɗauki mutane. Wannan ra'ayi ya yi ƙarfi a Amurka a shekarun 1980, zamanin Ronald Reagan. Masu sukar tsare-tsaren biyu kuma suna tunatarwa cewa duk abin da gwamnati ta kashe ko ta yafe, daga harajin wasu ko daga bashi yake fitowa, kuma yawan cin bashin gwamnati na iya ɗaga kuɗin ruwa har 'yan kasuwa su kasa karɓar rance.

Wahalar aunawa

Ƙirga ma'aikatan kamfanin da ya samu rangwame bai isa ya nuna nasarar rangwamen ba. Tambayar ita ce ko kamfanin zai ɗauki waɗannan mutane da ba a yi masa sauƙin ba. Timothy Bartik na Cibiyar Upjohn da ke Michigan ya tattara bincike da dama a 2018, ya kammala cewa rangwame kan sauya shawarar kamfani game da inda zai kafu ne a kashi 2 zuwa 25 cikin ɗari na lokuta kawai. A sauran lokutan, an biya kamfanin ne kan abin da dama ya yi niyya.

Matsala ta biyu ita ce ƙaurar ayyuka. Yankin birnin Kansas ya ratsa jihohi biyu, Kansas da Missouri. Shekaru da dama jihohin suna zawarcin kamfanonin juna da rangwame, kamfani ya tsallaka iyaka da 'yan kilomitoci, ma'aikatansa na nan a gidajensu, amma a rubuta su a matsayin sababbin ayyuka. A 2019 gwamnonin jihohin biyu suka amince su dakatar da wannan gasa.

Misalai na rangwamen haraji

A 2017 jihar Wisconsin ta yi yarjejeniya da kamfanin Foxconn na Taiwan. Kamfanin ya yi alkawarin zuba dala biliyan 10 da ɗaukar ma'aikata 13,000 a masana'antar allunan talabijin, jihar kuma ta amince da tallafi na kusan dala biliyan 3, wato sama da dala 200,000 kan kowane aiki. An tashi mazauna daga gidajensu a garin Mount Pleasant, an gina hanyoyi, amma ba a gina masana'antar yadda aka tsara ba. A 2021 aka sabunta yarjejeniyar zuwa jarin dala miliyan 672 da ayyuka 1,454, tallafin kuma ya koma dala miliyan 80. Abin da ya rage wa jihar asara shi ne an ɗaure biyan tallafin da yawan ma'aikatan da aka ɗauka a zahiri.

A 2004 majalisar dokokin Amurka ta ba kamfanoni damar dawo da ribar da suka ajiye a ƙasashen waje a kan harajin kashi 5.25 maimakon kashi 35. An dawo da fiye da dala biliyan 300. Binciken da ya biyo baya ya gano cewa mafi yawan kuɗin ya tafi ne ga masu hannun jari, kuma wasu daga cikin manyan kamfanonin da suka amfana sun rage ma'aikata a shekarun da suka biyo.

A 2012 gwamnan Kansas, Sam Brownback, ya rage harajin kuɗin shiga, ya kuma cire shi gaba ɗaya ga wasu nau'o'in kasuwanci. Kuɗin shigar jihar ya ragu da ɗaruruwan miliyoyin daloli, ƙaruwar ayyuka kuma ta gaza ta ƙasa baki ɗaya. A 2017 majalisar jihar, wadda 'yan jam'iyyarsa ke da rinjaye a cikinta, ta soke yawancin ragin duk da ƙin amincewarsa.

Misalai na tallafin gwamnati

A ranar 17 ga Fabrairu 2009 Barack Obama ya sa hannu kan dokar farfaɗo da tattalin arziki ta dala biliyan 787, wadda ta haɗa ragin haraji, taimako ga jihohi da marasa aiki, da ayyukan hanyoyi da makamashi. Masu ba shi shawara sun yi hasashen cewa rashin aiki ba zai wuce kashi 8 ba, sai ga shi ya kai kashi 10 a Oktoban 2009. Masu adawa suka ɗauki wannan shaidar gazawa. Ofishin Kasafin Kuɗi na majalisar dokoki kuwa ya ƙiyasta cewa a tsakiyar 2010 dokar ta ƙara yawan masu aiki da mutum miliyan 1.4 zuwa 3.3. Faɗin wannan tazara ya nuna yadda lissafin ke da wuya.

A lokacin annobar korona a 2020 da 2021, Amurka ta ba ƙananan kamfanoni rancen kusan dala biliyan 800 wanda ake yafewa idan ba su sallami ma'aikata ba. David Autor da abokan bincikensa sun ƙiyasta cewa shirin ya ceci ayyuka, amma a kan kusan dala 170,000 zuwa 260,000 ga kowane aiki na shekara ɗaya, domin yawancin ma'aikatan kamfanonin da suka karɓa dama ba za a sallame su ba. A 2021 aka ƙara wani tallafi na dala tiriliyan 1.9. Rashin aiki ya sauka da sauri, amma hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022, kuma masana sun saɓa kan yawan laifin tallafin a wannan hauhawa.

Abin da ke bambanta sakamako

Tallafi ya fi samar da aiki idan akwai marasa aiki da yawa da masana'antu da ke zaune ba aiki, kuma kuɗin ruwa yana ƙasa. Idan tattalin arziki ya riga ya cika, ƙarin kuɗi ya fi ɗaga farashi. Kuɗin da ya shiga hannun masu ƙaramin ƙarfi ya fi zagayawa, domin nan take suke kashe shi. A ƙasar da ke shigo da yawancin kayanta daga waje kuwa, wani ɓangare na ninkuwar kan ƙare ne a masana'antun wata ƙasa. Rangwame ya fi amfani idan ana biyansa bayan an ɗauki ma'aikata, kuma akwai sharaɗin dawo da kuɗi idan kamfani ya saɓa alkawari.

A Najeriya

A ƙarƙashin wata doka ta 1971, Najeriya ta riƙa ba kamfanonin da ke sababbin fannoni hutun haraji na shekara uku, da damar ƙarin shekara biyu. Dokar haraji ta 2025 ta maye gurbin wannan tsari da wani wanda ya ɗaure rangwamen da jarin da kamfani ya kashe a zahiri. A 2020 gwamnatin tarayya ta fitar da shirin farfaɗowa na naira tiriliyan 2.3. A wannan lokaci aka tsara ayyukan wucin gadi 774,000, wato mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, a kan naira 20,000 a wata har wata uku.

Tarihin masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano, waɗanda da yawansu suka rufe, ana yawan danganta shi da rashin wutar lantarki, tsadar man injinan wuta, da shigowar atamfa mai araha ta fasa-ƙwauri. Haraji kan riba ake biyansa, don haka masana'antar da ba ta cin riba ba ta amfana da yafe shi.